Ƙusar Bakin Matakala

Ni na buga rahoton da aka rushe gidan uwata da shi. Da yatsun nan nawa, shafi arba'in da biyu, kuma ban bar kuskure ko ɗaya ba, don ni ba na wasa da aikina. Shekara goma sha bakwai ke nan ina sakatariya a cibiyar binciken ƙasa, duk takardar da ta fita daga ofishin Farfesa, shugaban cibiyar, ta ƙarƙashin hannuna take bi.

Ni ce kuma na samo wa ƙanena aiki a wurin. Autan Inna ne, mutum mai sanyi, irin wanda za ka taka masa ƙafa ya ce ka yi haƙuri. Ya fara da riƙe sandar awo, doguwar sandar nan mai lambobi, yana tsaye a rana wani yana leƙensa ta na'ura. Cikin shekara shida ya zama shi ne mai leƙen. Daga nan kowa a cibiya Mai Awo yake ce masa, har Farfesa, wanda nake zaton bai taɓa sanin sunansa na gaskiya ba.

Aikinsa ba shi da wuyar fahimta. A bakin matakalar cibiyarmu akwai wata ƙusa ta tagulla, kanta bai wuce maɓallin riga ba, an dasa ta a siminti tun ba a haife ni ba. Ginin cibiyar a kan dutse yake, ba ya motsi, don haka daga kan ƙusar nan ake fara kowane awo. A ɗora sanda a kanta a karanta lamba, a matsa gaba a sake karantawa, haka haka har a gangara unguwar da ke ƙasan tudu, inda aka kafa wasu ƙananan ƙusoshi talatin a gindin bangon gidaje. Duk wata uku sai ya zaga su, a ga ko ƙasar ta motsa.

"Yaya," ya taɓa ce mini, "duk lambar da ke cikin littafin nan 'yar ƙusar can ce. Ranar da ta yi ƙarya, dukanmu mun yi ƙarya."

Na ce masa ya tashi mini daga kan tebur, yana sa mini ƙura a takardu.

Unguwar gangaren nan kuwa ita ce unguwarmu. Nan aka haife mu. Gidan Inna na da ɗaki uku, da rijiyar da mahaifinmu ya haƙa da hannunsa, da bishiyar lemo wadda ba ta taɓa yin 'ya'ya masu daɗi ba amma Inna ta hana a sare. A bangon ɗakinta akwai wata tsaga da ta girme ni. Tsumma take cusawa a ciki saboda ƙadangaru. Ƙusa ta goma sha tara a gindin bangon nan take, kuma duk ranar awo sai Inna ta share wurin tas, ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon ɗanta yana aikin gwamnati.

Sai na'urar ta lalace. Aka aika da ita gyara, ta yi shekara ɗaya da wata huɗu ba ta dawo ba, don a cibiyarmu ko biro ne ya ƙare sai an zauna taro. Da ta dawo, Auta ya fita awo, ya dawo fuskarsa ba daɗi. Ƙusoshin nan talatin, kowace ɗaya ta yi ƙasa da santimita biyar, kusan tsawon ƙaramin yatsa. Ya sake awon washegari. Ya sake na uku. Biyar ɗin dai ce.

Ya faɗa wa Farfesa cewa abin bai kwanta masa ba. Ƙasa in za ta sauka, nan ya fi can, can ya fi nan. Ta yaya wuri talatin za su sauka daidai wa daida?

Farfesa kuwa shekara tara rabonsa da rubuta takardar da wani ya karanta. Ina gani idonsa ya kawo haske. Ya ce ai wannan shi ne abin mamakin, unguwar gaba ɗaya take nutsewa kamar faranti ɗaya. Kafin azahar ya gama gina bayaninsa: rijiyoyin mutane sun tsotse ruwan da ke ƙarƙashi, yumɓu ya bushe ya tsuke, ƙasa ta bi shi. In aka ci gaba a haka, in ji shi, cikin shekara goma gidajen za su rufta da masu su. Aka aika mai ɗaukar hoto ya ɗauko tsagar bango a gidaje. Tsagar Inna ce ta fi kyau a hoto, sai da suka zare mata tsummanta tukuna.

Aka kuma gayyato Dokta daga sashen tattalin arziki don ya rubuta kashi na biyu. Mutum ne mai turare, yana shigowa sai na buɗe taga. Bai taɓa taka gangaren nan ba ko da kuskure, amma cikin mako uku ya tabbatar da cewa gyara ƙasar ya fi ƙarfin abin da mazaunanta za su amfanar har jikokinsu, kwashe su ya fi sauƙi. Akwai wata jimla tasa da ba na mantawa: wuri ne mai daraja a hannun waɗanda ba sa iya fitar da darajarsa. Ni na buga ta. Har waƙafi na gyara masa a ciki.

Takardar ta fita a wata mujalla ta masana, daga nan jaridu suka ɗauka, rediyo ya ɗauka. Farfesa ya ɗinka sababbin kaya. Ba a yi wata biyu ba hukuma ta zo da jan fenti ta yi wa kowane gida alama, aka ba mutane kwana casa'in.

Inna ta tsorata ƙwarai. Ta daina kwana kusa da bangon, ta ja gadonta tsakiyar ɗaki. Amma duk da tsoron tana alfahari, duk wanda ya shigo sai ta ce masa ɗanta ne ya gano. Maƙwabta ba su ɗauke shi haka ba. Matar mai gyaran keke, wadda ta goya Auta yana jariri, ta tofar da yawu a gabansa a bakin famfo. Shi a ganinsa ransu ya ceta, ko ba su gode ba.

Saura mako uku wa'adin ya cika, birkilan da ke yi mana ƙananan gyare-gyare ya zo gyaran magudanar ruwa. Tsoho ne mai surutu, in ya kama ka da hira sai dai ka gudu. Auta na zaune a kan matakala, ni kuma na fito shan iska. Birkilan ya nuna ƙusar da cokalin gininsa.

"Ka ga 'yar ƙusarku har yanzu tana ƙyalli," ya ce. "Ni na cece ta."

Auta ya ɗago kai. "Ka cece ta daga me, Baba?"

"Lokacin da za a yi manyan baƙin nan bara, ai an ce in sa wa matakala tayil. Na ga in na shimfiɗa za ta nutse a ƙasa. Na ce wannan abu mai kyau haka, ba a banza aka sa shi ba. Sai na zare ta a hankali, da na gama na sake dasa ta a sama, daidai inda take. Har na goge ta da toka."

Yana faɗa yana murmushi, yana jiran a gode masa.

Auta ya tashi. Ya ciro ƙaramin ma'auni daga aljihu, ya durƙusa a gefen matakala, inda gyaran magudanar ya tone, ana ganin tsohon siminti a ƙasa da sabon a bisansa. Kaurin tayil da simintin da ya riƙe shi, santimita biyar. Ƙusar ce ta hau sama. Unguwarmu tana nan inda Allah ya ajiye ta.

Ni kuwa nan take na tuna aikin tayil ɗin nan. Auta yana hutu lokacin. Farfesa ne ya ba da umarni da rubutun hannunsa, ni na buga takardar, ya sa hannu, na ajiye kwafi a durowar teburina ta ƙasa.

Daga nan Auta ya wuce ofishin Farfesa kai tsaye. Ƙofar ofishin ba ta rufuwa sosai tun da aka canza mata makulli, kuma teburina na jikinta. Na ji komai. Dokta ma yana ciki, sun gama shan shayi.

Auta ya yi bayani dalla-dalla, muryarsa har da farin ciki a ciki, wawan Allah. Shi a zatonsa albishir ya kawo.

Sannan Farfesa ya ce, a hankali, "Wa ka faɗa wa?"

"Babu kowa, ranka ya daɗe. Nan na fara zuwa."

"Madalla. To, in tambaye ka. A ƙa'idar aikinku, kafin a fara awo, ba akwai alama ta biyu da ake gwada ƙusar da ita ba?"

"Akwai, ranka ya daɗe. Wani zane ne a gefen matakala."

"Ka gwada?"

"Na neme shi ban gani ba. Tayil ya rufe shi. Na ɗauka tunda ƙusar tana nan..."

"Ka ɗauka." Na ji ƙarar kofi a kan faranti. "Ka rubuto mini cewa ba ka ga alamar ba?"

"A'a, ranka ya daɗe. Amma na faɗa maka lambobin ba su kwanta mini ba."

"A rubuce?"

Farfesa ya gyara zama ya ci gaba.

"To ka gani. Ni lambobi aka kawo mini, na yi aiki da su. Wanda ya kawo lambobin shi ne ya sa aka shafa wa gida ɗari uku jan fenti. Wasu sun riga sun cire rufinsu sun sayar. Kana so ka gangara ka faɗa musu ƙusa ce ba ka duba ba?"

"Zan faɗa musu, ranka ya daɗe. Su yi mini duk abin da za su yi. Takarda ɗaya kawai nake roƙo, a rubuta wa hukuma ta dakata a sake awo. Mahaifiyata shekararta saba'in da huɗu, a gidan nan aka kai ta amarya."

Sai Dokta ya yi gyaran murya. "Ni dai a nawa ɓangaren," ya ce, "ko ƙasar tana nutsewa ko ba ta nutsewa, sakamakona bai canza ba."

Farfesa ya ce zai yi tunani, Auta ya je gida ya huta.

Washegari da safe ya kira ni, ya miƙo mini takarda biyu da rubutun hannunsa. Ta farko ta sallamar Mai Awo ce daga aiki, saboda sakaci da kayan cibiya. Ta biyu ta hukuma ce da jaridu, tana sanar da su cewa wani tsohon ma'aikaci, wanda rusau ya shafi gidansu, ya shiga damuwa har yana yaɗa maganganu marasa tushe, a yi masa uzuri.

Na karanta a tsaye. Na ce, "Ranka ya daɗe, ƙanena ne."

"Na sani," ya ce, bai ko ɗago daga jaridarsa ba. "Ke a gidajen cibiya kike zaune, ko? Ɗaki biyu. Ke da yara uku, ga mahaifinsu Allah ya yi masa rasuwa. In aka rushe gangare, tsohuwar wurinki za ta dawo, ina zato. To kin ga gara a ce akwai inda za ta dawo." Ya juya shafi. "Kwafi uku-uku. Kafin sha ɗaya."

Na koma teburina na zauna. Ina so in ce muku na yi kuka, ko hannuna ya ƙi motsi. Ƙarya ne. Sha ɗaya saura kwata na kai masa, ya sa hannu. A makon nan aka samo wa birkila wani dogon aiki a wani gari, aka kuma shafe gefen matakala da siminti da fenti, har ta yi kyau.

Auta ya zaga ko'ina. Ya je hukuma, suka ciro takardar da na buga suka ba shi kujera da ruwan sanyi, suna yi masa magana a tausashe. Ya je gidan jarida, wani yaro mai gilashi ya tambaye shi digirinsa nawa. Ya tara mutanen unguwa ya faɗa musu gaskiya, rabi suka ce jiya ka ce tana nutsewa yau ka ce ba ta nutsewa, rabi suka jefe shi. Kowa hujja yake nema.

Ya same ni a hanyar dawowa daga aiki, rigarsa duk ta yi masa yawa.

"Yaya, takardar aikin tayil. Akwai kwanan wata a jiki, akwai kaurinsa, akwai sa hannun Farfesa. Ke ba kya yar da takarda, na san ki."

Na ce na duba ban gani ba.

"Ki sake dubawa dai."

Na ce masa ina da tuwon yara... a'a, ban ma ce komai mai ma'ana ba. Na ce sauri nake yi, na wuce shi.

Ranar Talata da hantsi motocin rusau suka shiga. Inna ta ƙi tafiya sai ta gani da idonta. Muka tsaya a kan tudu, tana riƙe da hannuna. Bangon ɗakinta, mai tsagar nan da aka ce zai kashe ta, sai da motar ta buge shi sau huɗu kafin ya faɗi. Suka tura ɓaraguzansa cikin rijiyar mahaifinmu suka cike ta. Bishiyar lemon ta tafi a tura ɗaya. Inna ta share ido da bakin mayafi ta ce alhamdulillahi, mun fita da ranmu.

Ta dawo wurina. Na ba ta ɗaki ɗaya, ni da yara muka cushe a ɗayan. Ba ta da tsakar gidan da za ta share, sai ta koma sauraron rediyo daga safe har yamma.

Bayan shekara guda, sabon mai awon da aka ɗauka ya gama zagaye huɗu. Daga kan ƙusar nan ya fara, mana, daga ina kuma zai fara? An kafa sababbin alamu a filin da aka share, kuma ko kaurin gashi ƙasar ba ta motsa ba. Farfesa ya rubuta takarda ta biyu: tun da aka toshe rijiyoyi aka kwashe mutane, nutsewar ta tsaya cak, wanda ya tabbatar da bayaninsa na farko. Dokta ya ƙara da cewa yanzu wurin ya dace da manyan gine-gine. Shafi talatin da takwas, ni na buga. Aka ba su lambar yabo su biyu, wani kamfani kuma ya fara haƙa harsashin bene mai hawa tara daidai inda layinmu yake. Baƙi suka riƙa zuwa ɗaukar hoton ƙusar, masinja yana goge ta duk safiya.

Auta a lokacin yana auna filaye wa dillalai da igiya. Duk Asabar yakan zo gaida Inna. Asabar ɗin da aka sa labarin lambar yabon a rediyo, yana zaune a ƙasa kusa da ƙafarta, ni ina ninke kayan yara.

Inna ta rage muryar rediyon ta dube shi. "Ka ji ko? Ƙasar ta tsaya. Da muna ciki da yanzu wani labarin ake yi. Bawan Allahn nan ya cece mu, kai kuma ka bi gari kana ɓata masa suna, don ya sallame ka. Ban haife ka da hassada ba, Auta. Ranar Litinin ka je ka durƙusa ka ba shi haƙuri."

"Inna, ƙasar ba ta taɓa motsi ba. Ƙusa aka ɗaga. Da gidanki yana nan."

"Kullum ƙusa, kullum ƙusa."

"Akwai takarda, Inna. Yaya ce ta buga ta da hannunta."

Inna ta juyo gare ni. Idonta ya yi rauni a shekarar nan, sai ta ɗan karkata kai kafin ta same ni. "Ke ce babba," ta ce, "kuma ke ba ki taɓa yi mini ƙarya ba. Faɗa masa ya huta, ni ma in huta. Akwai wata takarda?"

Makullin durowar yana cikin jakata, jakar tana rataye a ƙusar bango daidai saman kan Inna. Na kalli rufin ɗakin, rufin cibiya. Na kalli tsohuwar da in na ce akwai, za ta san an cike rijiyar mijinta a kan tayil ɗin tarbar baƙi, kuma 'yarta ta sani tun bangon yana tsaye.

Na ce, "Babu wata takarda, Auta."

Ya daɗe yana kallona. Bai yi fushi ba, da ya yi ma da na ji sauƙi. Ya ce wa Inna ta huta lafiya, ya fita bakin ƙofa ya zauna ya ɗaure igiyar takalminsa a tsanake, ɗaya bayan ɗaya, ya tafi.

Wata goma sha ɗaya ke nan bai sake zuwa ba. Inna ta ce in ƙyale shi, zuciya ce, zai huce. Duk Asabar sai ta sa an zuba masa nasa abincin an rufe an ajiye kusa da ita. Da la'asar nake ɗauka in ba yara su cinye.